Allurar da Ta Ishi Mutum Ɗaya

Ku 'ya'yan Bello da ku 'ya'yan Dije, tun kuna ƙanana kun tarar mu da gidan Alu na Tambuwal ba ma ga maciji. Ba a zuwa sunansu, ba a zuwa bikinsu, in an haɗu a kasuwa kowa ya kau da kai, har kuka ɗauka haka Allah ya halicce mu. Wasunku sun ji an ce Alu ya yi wa ƙanensa sammu saboda shanun gado, wasu kuma sun ji an ce a asibiti ya hana a yi masa magani. Ni ce matar wannan ƙanen, a gabana aka yi komai, kuma cikin waɗanda suka tsaya a ɗakin nan babu wanda ya rage sai ni. Na sa jikata ta zauna da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa da Hausarta ta makaranta. Na dai roƙe ta, maganar mutane ta bar ta yadda suka yi ta.

Kakanku sunansa Mamman, amma Malam nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa. A Kebbe muke zaune tare da mahaifiyarsa, wadda kowa yake ce wa Inna. 'Yan shekaru ne suka rage Turawa su tafi. Malam yana noma, yana da 'yan shanun da suka gada shi da wansa Alu ba a raba ba, amma abin da ya fi riƙe gidan shi ne fata. Yana bin mahauta da rugage yana sayen fatun jajayen awaki da ƙiragan shanu, ya shanya su a rumfar da ya kafa bayan gida, in sun taru Alu ya zo daga Tambuwal ya kwashe ya kai wa kamfani. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma halinsu ya bambanta. Malam mai raha ne, ko akuya ya gani sai ya yi mata magana. Alu kuwa sai ya wuni a gidanka ba ka ji muryarsa ba in ban da sallama, shi ya sa mutane ba su taɓa sakin jiki da shi ba.

Babban abokin gabar mai fata shi ne ƙwaro. Sai ka tara fata mai kyau, kafin a zo ɗauka ya huda ta kamar rariya. A shekarar da nake ba ku labari, Alu ya zo da wani farin gari a gwangwani, ya ce akawun kamfani ne ya ba shi. Ana jiƙa shi a rabin duro, a tsoma fata a ciki, a rataye a inuwa, ƙwaro ba ya sake kusantarta. Akwai rubutun Turawa a jikin gwangwanin, amma babu mai karanta shi a garinmu. Abin da aka faɗa wa Alu shi ne kada a sha, kada a bar yara su taɓa, shi kuma haka ya faɗa mana, haka muka kiyaye. In an gama tsoma fatun, Malam yakan tuttular da ruwan a wani rami gefen rumfa ya watsa ƙasa a kai. Duk rani haka aka yi. Rijiyar gidanmu tana gangaren wannan ramin, ba ta da zurfi, da damina ma da 'yar gajeriyar igiya ake ɗiba. Ba wanda ya taɓa haɗa ramin da rijiyar a ransa.

Ni abin da ya cece ni shi ne cikin Dije. Ya ba ni wuya ƙwarai, sai uwata ta aiko a kai ni Tambuwal in haihu a gabanta, tun kafin ruwan farko ya sauka. Na bar ɗana na fari a hannun Inna, dama ita ke riƙonsa, lokacin bai daɗe da shiga makarantar allo ba. Duk tsawon rayuwarsa ban taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari, amma yau da ƙasa ta rufe shi zan kira: Bello, uban wasunku, kawun wasunku. Na haihu, na yi wankan jego, ina jin labari sama-sama cewa ciwon ciki ya shiga gidan. Da damina ciwon ciki ba baƙo ba ne, ban damu sosai ba.

Ranar da aka mayar da ni Kebbe, tun daga zaure na ji gidan ya yi shiru irin wanda ban sani ba. Babu kaji a tsakar gida, turken awaki babu kowa. Inna tana kwance a ƙofar ɗakinta, ta zama ƙashi da fata. Malam ya fito tarbata yana dafa bango, yana jefa ƙafa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya yi baƙi, amma ba baƙin rana ba, jikinsa duk ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa ruwa a kan ƙura, tafin hannunsa ya yi kaushi yana ɓarewa. Ya karɓi jaririyar ya kasa riƙe ta, ya ce yatsunsa ba sa jin abin da suka taɓa. Bello yana zaune a kan tabarma, bai taso ba. Ya dube ni kawai, idanunsa sun kumbura.

An yi rubutu an sha, an yi turare, an kawo sassaƙe daga wajen wani Bafillace, kuma duk da ruwan rijiyar nan ake haɗa su. Ni ma shi na fara sha, cikin 'yan kwanaki na fara amai. Maƙwabta da suke ɗiba a wata rijiyar lafiyarsu ƙalau, sai magana ta tashi cewa wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu ne. Aka tuna cewa da kaka Malam da Alu sun yi sa-in-sa a kasuwa kan wata saniya, aka tuna Alu ba ya dariya, aka tuna duk zuwan da yake yi ba ya kwana. Kawunsu, ƙanen Inna, wani dattijo mai kaifin baki da ake ce wa Kawu Labbo, shi ya fara faɗa a fili. Da Inna ta rasu Alu ya zo zaman makoki, aka kawo tuwo a zaure, mutane suka janye hannu suka bar masa akushin shi kaɗai. Ya wanke hannunsa, ya shigo cikin gida ya tsaya kan ƙanensa.

"Gobe za ni tafi da ku Tambuwal," in ji shi. "An ce likita na zuwa rangadi."

Kawu Labbo ya ce ba a miƙa wa kura ajiyar nama. Malam daga kwance ya ce wansa ne, in ma kashe shi zai yi, shi ya fi kowa iko. Haka aka ɗora shi da Bello a kan jakuna, ni ina biye da goyo.

Likitan Bature ne, dogo, fatar wuyansa ta yi ja. Ya duba Malam a ɗakin shan magani, ya duba Bello, sai ya kama yatsunsu ya daɗe yana kallon faratansu. Kowane farce yana da farin layi a gicciye, ni da nake wanke su kullum ban lura ba. Ya sa tafinta ya tambayi sana'ar Malam, da aka ce fata sai ya tambaya ko ana tsoma ta a magani, kuma ina ake zubar da ruwan, ina ake ɗiban na sha. Alu ne yake amsawa. Ina kallonsa lokacin da ya zo kan maganar ramin da rijiyar, sai ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. A nan ya gane, kafin tafinta ya gama juya maganar.

Tafintan ya yi mana bayani a hankali. Ya ce garin nan guba ce dangin ƙarfe, ba ta ruɓewa, ba ta narkewa, in ta shiga jiki sai ta laƙe a jini da jijiya ta zauna, babu jiƙon da zai wanko ta. Amma akwai wata allura da Turawa suka samo lokacin babban yaƙin duniya da aka gama. Ita in ta shiga jini sai ta bi gubar ta damƙe ta kamar yadda maƙeri yake damƙe ƙarfe da awartaki, ta riƙe ta gam har su fita tare a fitsari. Ya ce ba ta gyara abin da ya riga ya lalace, sai dai ta tsare abin da ya rage, don haka kowace rana asara ce. A Sakkwato kaɗai ake samunta. Ni da na sha kaɗan aka ce in daina shan ruwan kawai, jikina zai fitar da kansa.

Alu ya aika Kebbe a hana kowa taɓa rijiyar, ya samo mana wuri a bayan wata lori mai ɗaukar fatu. Damina ta cinye hanya, muna tafiya muna kafewa, warin ƙirgi yana tayar wa Malam da zuciya. Alu ya tallabe kan ƙanensa a cinyarsa tun daga Tambuwal har muka shiga birni.

A asibiti aka kwantar da su a wani ƙaramin ɗaki, gado kusa da gado. Likitan wurin wani ne daban, gajere mai tabarau. Ya auna su, ya sa aka ɗebi fitsarinsu, ya fita, ya dawo da tafinta da wani ɗan akwatin kwali a hannu. Ya buɗe ya nuna mana 'yan ƙananan kwalabe a jere, rabin gurbin babu kowa. Ya ce abin da ke asibitin ke nan. Ba ciwon da ake gani kullum ba ne, ba sa ajiye maganin da yawa. Ya buga waya Ikko, wato Legas, a turo, amma sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Gusau, daga can ya hau mota, kuma ruwa ya cinye wata gada. Bai san ranar da zai iso ba. Ya ce maganin da nauyin mutum ake auna shi. Abin da ke cikin akwatin zai kai yaron har ƙarshen magani. In kuwa uban aka ba, 'yan kwanaki kaɗai zai riƙe shi. In sabon ya iso cikin kwanakin nan, mai yiwuwa a samu su duka biyun, in bai iso ba, an ƙarar da shi a banza kuma yaron ya yi jiran da ba zai iya ba. In an raba musu, babu wanda zai amfana. Ya ce uban ya fi jin jiki, fitsarinsa ya fara ɗaukewa, amma yaro ba ya jure abin da babba yake jurewa. Ya dubi Alu a matsayin babba, ya ce shi ba zai yanke shi kaɗai ba.

Alu ya ce a fara da Malam. Ya ce a yi caca da kwanakin, Allah na iya kawo motar. Na ji shi da kunnena, kuma wannan ce maganar da nake so ku riƙe. Mun zaci Malam ba ya cikin hayyacinsa, tun safe idonsa a rufe yake, sai muka ji ya yi magana.

"Yaya, ba a caca da ɗiyan mutane. Ku ba yaro."

"Kai ka da gida, Mamman. In ka tafi wa za shi riƙe su?"

"Kai mana. Wa na gare ni in ba kai ba?" Ya huta, ya nemi numfashi. "Ni niz zuba ruwan ga ramin da hannuna. Shi mi ya yi? Ƙishirwa kaɗai yaj ji ya sha."

Alu ya juyo ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansu, don tsakanin mace da wan miji akwai kunya. Yana so in ce wani abu. Mijina ne a gado ɗaya, ɗana a ɗaya, wace kalma ce zan furta in ci gaba da rayuwa da ita? Na sunkuyar da kai ina jijjiga goyo. Malam ya ce kada a sa ni a ciki, maganar tasa ce, ya gama. Alu ya fita waje ya daɗe, ya dawo ya ce wa tafinta a yi yadda mai jiki ya ce.

Ban taɓa ganin magani mai mugunta irin wannan ba. Mai ne mai kauri, an ce da man gyaɗa ake haɗa shi, ana tura shi can cikin tsokar ɗuwawu da doguwar allura, kuma yana da wari kamar tafarnuwar da ta ruɓe. Da farko sau da yawa ake yi a wuni, kafin zafin wata ya lafa an zo da wata. Da an yi, sai idon Bello ya kama zubar da ruwa, yawu ya cika masa baki, ya ce leɓensa da maƙogwaronsa suna cin wuta, jikinsa ya yi zafi, ya yi amai. Warin ya riƙa fita ta numfashinsa da zufarsa. Inda ake sokawa ya kumbura, wani wurin ya yi ruwa har aka tsaga. Da ya ji takun ma'aikaciyar da ke yi masa allurar sai ya fara rarrafe yana neman ƙarƙashin gado. Inna da ta saba rarrashinsa ba ta raye, sai na ajiye kunyar ɗan fari na rungume shi a ƙirjina ina danne ƙafafunsa, yana cizon zanena yana kiran kakarsa. Akwai ranar da na ce wa Alu maganin nan kashe shi zai yi, mu ɗauke shi mu tafi. Malam ne ya hana. Yana kwance yana jin kowane ihu, ya juya fuskarsa bango, in an gama sai ya tambaye ni abu ɗaya, ko yaron ya yi fitsari. In na ce ya yi da yawa, sai ya ce alhamdu lillahi, gubar tana fita.

Tana fita kuwa. Kumburin idon ya saɓe, aman ya tsaya, wata safiya Bello ya ce yana son fura. Shi kuwa Malam nasa fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya, ƙafafunsa suka kumbura, ya fara magana da Inna kamar tana ɗakin. Kullum Alu yana bakin ƙofar asibiti yana tare duk motar da ta shigo. Malam ya cika da hantsi, ranar wata Laraba, yaron yana barci a gadon kusa da shi. A Sakkwato aka binne shi, cikin baƙi, mutanen da suka yi masa salla ba su san ko sunansa ba.

Maganin ya iso bayan 'yan kwanaki. Na ga Alu ya ja tafinta gefe, na san abin da yake tambaya: da an bi tasa shawarar, da abin da ke akwatin ya riƙe Malam har zuwa ranar? Na ga tafintan ya shiga wajen likita ya fito ya faɗa masa wani abu. Ban san me aka ce masa ba. Na tambaye shi sau ɗaya a hanyar komawa, ya ce in yi wa mamaci addu'a.

Kafin mu isa Kebbe labari ya riga mu. Wani ɗan garinmu da ya je jinyar ɗan'uwansa ya ji ma'aikata suna cewa akwai magani amma wan mutumin ya ce kada a yi masa. Rabin gaskiya ya fi ƙarya saurin tafiya. Kawu Labbo ya ce ga shi nan, abin da sammu bai ƙarasa ba an ƙarasa a asibiti. Ina cikin takaba na faɗa wa matan da suke zuwa gaisuwa cewa rijiya ce, kuma Alu ba shi da laifi. Suka ce me zan ce dama, tun da shi ke aiko mini da hatsi. Sauran maganar, cewa Malam da bakinsa ya zaɓi ɗansa, ita ce za ta wanke Alu, kuma ita ce ya hana ni faɗa. Ya zo ya tsaya a bayan zana, ni ina ciki, ya ce:

"Rabi, kak ki bari yaron ga shi ji. In ya san ubansa ya mutu don shi, kowace loma yak kai baki sai ta yi mai ɗaci. Ni babba na, ina iya ɗauka."

Na ce masa mutane za su ci namansa. Ya ce shi ya kawo gwangwanin gidan, in sun ci ba su ci na banza ba. Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Da hannunsa ya cike rijiyar, shi kaɗai, ba wanda ya kama masa. Ya ƙone rumfar, ya bar sana'ar fata har abada. Shanun gado kuwa ya kora su duka ya damƙa wa wani makiyayi da sunan Bello da Dije, aka ce borin kunya ne.

Bello ya tashi, ya yi noma, ya yi aure, ya haifi wasunku. Kun san yadda yake ɗan jan ƙafar hagu, kun san ba ya iya ɗaura maɓallin riga sai an taya shi, abin da allurar ta tarar ya riga ya lalace ke nan. Abin da ya faru a ɗakin bai tuna ba, sai warin maganin, har ya tsufa ba a saka tafarnuwa a miyarsa. Abin da ya ji a gari shi ya riƙe. Na sha gaya masa baffansa ba azzalumi ba ne, yakan ce in haka ne me ya sa aka hana ubansa magani, ni kuma sai in tuna alkawarin in sauya magana. Tun yana saurayi ya daina gaishe shi. Ranar ɗaurin aurensa Alu ya zo tun daga Tambuwal don ya yi masa walicci, Bello ya aika aka ce masa an riga an samu wali. Alu ya zauna a bayan taro har aka shafa fatiha, ya hau kekensa ya koma.

Da ciwon ajali ya kama Alu na je Tambuwal duba shi. Ya tsufa, idonsa ya yi hazo, da murya ya gane ni. Na aika wa Bello ya zo, bai zo ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce masa shekaru sun ja, yaron ya zama magidanci mai 'ya'ya, ya sake ni daga alkawarin nan in gaya masa, ko ya samu ya zo su yafi juna. Sai ya tambaye ni:

"Shina zuwa gona da ƙafarsa?"

Na ce yana zuwa.

"Shina cin tuwo shi ƙoshi?"

Na ce yana ci.

"To, bar shi."

Na bar shi. Alu ya rasu cikin makon, Bello yana Kebbe yana girbin gero.